Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Awon Ƙarniyyar Ido da Bambancinta Tsakanin Masu Lafiya

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan karin magana ya ɗauki ido a matsayin alƙalin da ke kimanta nauyi da yawa da nisa ba tare da ma'auni ba. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau shi idon da ke kimanta kome, wa ya auna shi, kuma da wane mudu?

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda masana suka yi ta ƙoƙarin auna wani ɗan sashe guda na ido, watau tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido ta gaba, da kuma yadda awon ya tilasta musu sauya ra'ayi game da abin da ake nufi da lafiyayyen ido. An daɗe ƙwarai ana zaton cewa wannan tantani siffa ɗaya gare shi a idon duk mai lafiya. Amma duk lokacin da aka ƙera sabon ma'auni, sai a tarar masu lafiya sun fi bambanta da juna fiye da yadda aka zata. Batun kuwa ya wuce muhawarar masana, domin a inda aka ja iyaka tsakanin bambancin halitta da cuta, a nan ne likita ke yanke hukuncin wanda za a ba tabarau, da wanda za a yi wa aiki, da wanda za a sallama a ce masa lafiyarsa lau.

2.0 Sunan tantanin da aikinsa

A maganar yau da kullum Bahaushe kan ambaci farin ido da baƙin ido da ƙwayar ido. Shi tantanin da ake magana a kansa ba a cika lura da shi ba, saboda ba shi da launi, ba shi kuma da jijiyoyin jini, haske yana ratsa shi kamar gilashin agogo. Ba ya bayyana sai ya sami rauni ya yi tabo fari, abin da ake kira hakiya.

Likitocin Girka na dā sun kwatanta shi da ƙaho, domin idan aka fere ƙaho ya yi siriri ƙwarai yakan zama mai ƙwari amma haske na ratsa shi. Da aka fassara littattafansu zuwa Larabci sai aka kira shi ƙarniyya, daga kalmar ƙarn, wadda ke nufin ƙaho. Wannan saiwa ba baƙuwa ba ce ga Hausa. Ita ce a cikin sunan Zulƙarnaini da ya zo a Suratul Kahfi, kuma daga wata ma'anarta ta biyu ce Hausa ta ari kalmar ƙarni, watau shekara ɗari. Sunan da Turawa ke amfani da shi ma daga kalmar ƙaho ta Latin ya fito. Saboda haka an zaɓi a riƙa cewa ƙarniyya a wannan maƙala.

Faɗin ƙarniyyar baligi a kwance kimanin milimita 12 ne, kuma kaurinta a tsakiya ya ɗara rabin milimita da kaɗan. Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske domin hoton abin da ake kallo ya sauka daidai a kan ragar jijiyoyi da ke shimfiɗe a bayan ido. Sauran kashi ɗayan aikin wata 'yar ƙwaya ce mai kama da ƙanƙara da ke cikin ido, wadda ita ce yana kan rufe. Larabawa sun kira ta jalidiyya saboda kamarta da ƙanƙara, a nan kuma za a kira ta ƙanƙarar ido. Ƙarfin ƙarniyya wajen tattara haske ya rataya ne a kan lanƙwasarta, shi ya sa ɗan canji kaɗan a siffarta yake shafar gani.

3.0 Ra'ayin magabata

Jalinusu, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2 Miladiyya, ya bayyana sassan ido dalla-dalla, ya kuma ɗauki ƙanƙarar ido a matsayin ainihin wurin gani. A wurinsa babban aikin ƙarniyya shi ne zama garkuwa. Wannan ilmi ya shiga Larabci ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rayu daga 809 zuwa 873, ya yi aiki a Bagadaza, ya kuma rubuta littafinsa mai maƙala goma a kan ido. Bayansa, wajen shekarar 1010, Aliyu ɗan Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalina, watau tunatarwa ga likitocin ido, waɗanda a lokacin ake yi wa laƙabi da masu sa kwalli. Waɗannan malamai sun san cututtukan ƙarniyya sosai, kamar gyambo da tabo da fashewa, amma siffar lafiyayyiyar ƙarniyya ba ta zama musu abin tambaya ba.

Wanda ya fara shigar da siffarta cikin lissafi shi ne Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen 965, wanda ya rubuta Kitabul Manaziri a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021. Shi ne ya kafa hujja cewa gani yana faruwa ne ta hanyar shigar haske cikin ido daga abin da ake kallo. To amma domin lissafinsa ya tafi daidai, sai ya ɗauka cewa fuskar ƙarniyya da fuskar gaba ta ƙanƙarar ido yankuna ne na cikakkun ƙwallaye masu cibiya guda, kamar ƙwarya a cikin ƙwarya. Wannan siffa hankali da lissafi ne suka ba shi, domin a zamaninsa babu abin da za a auna ido mai rai da shi. An fassara littafin zuwa Latin, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572, ra'ayin cikakken ƙwallo ya ci gaba da zama abin da kowa ya yarda da shi. Ko da Johannes Kepler ya nuna a 1604 cewa hoto yana sauka ne a kan ragar bayan ido, zaton cewa ƙarniyya yankin ƙwallo ce bai kau ba.

4.0 Farkon awo

Duk wanda ya ƙura wa idon wani ido a wuri mai haske zai ga hoton kansa ɗan ƙarami a ciki, domin ƙarniyya tana aiki kamar madubi mai tudu. Irin wannan madubi kuwa, gwargwadon lanƙwasarsa gwargwadon ƙanƙantar hoton da yake nunawa. Da wannan dabara ce wani malamin addinin Kirista ɗan Jamus, masanin taurari, Christoph Scheiner, ya yi awon farko, kamar yadda ya bayyana a littafinsa na 1619. Yakan zaunar da mutum yana fuskantar taga, ya riƙa kara ƙwallayen gilashi masu girma dabam-dabam kusa da idonsa, har ya sami wanda hoton tagar a jikinsa ya yi daidai da hoton da ke cikin idon. Awo ne na kintace, kuma tun da mudun da kansa ƙwallo ne, ba zai iya nuna cewa ƙarniyya ba ƙwallo ba ce.

Alamar farko ta cewa akwai gyara ta zo ne daga wani matashin likita a Landan, Thomas Young, a cikin laccar da ya gabatar a ƙarshen 1800 aka buga ta a 1801. Da ya gwada idonsa, sai ya tarar ƙarfinsa a tsaye ya saɓa da ƙarfinsa a kwance: ta wata fuska hasken da ya taso daga nisan inci 10 yake tattarawa, ta ɗaya fuskar kuwa na inci 7. Domin ya gano tushen abin, ya haɗa wani ɗan bututu mai gilashi, ya cika shi da ruwa ya kifa idonsa a ciki, saboda ruwa yana kusan soke aikin ƙarniyya. Saɓanin bai gushe ba, don haka ya danganta shi ga ƙanƙarar idonsa. Abin lura shi ne Young bai taɓa jin cewa ganinsa na da aibi ba kafin wannan gwaji.

A 1825 wani masanin lissafi a Cambridge, George Airy, wanda daga baya ya zama babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya ba da labarin idonsa na hagu. Ya lura ba ya amfani da shi wajen karatu, kuma idan ya kalli ɗigon haske da shi sai ya ga ya miƙe ya yi tsawo. Ya lissafa irin gilashin da zai gyara wannan, mai lanƙwasa ta fuska ɗaya fiye da ɗaya, aka ƙera masa a garin Ipswich, ya kuwa yi aiki. Daga baya aka laƙaba wa wannan hali suna astigmatizim, kalmar da aka gina daga Girkanci da ma'anar rashin ɗigo. A Hausa ana iya ce masa saɓanin lanƙwasa. Misalinsa shi ne bambancin bayan ƙwarya da bayan cokali: ƙwarya ta kowace fuska lanƙwasarta ɗaya ce, amma cokali ya fi lanƙwasa ta faɗinsa bisa ga ta tsawonsa. A wancan lokaci an ɗauki wannan hali a matsayin abin mamaki da kan sami ɗaiɗaikun mutane.

5.0 Ma'aunin Helmholtz da abin da ya tona

Wajen 1854 Hermann von Helmholtz na Jamus ya ƙera ma'aunin da ya iya auna lanƙwasar ƙarniyya mai rai da ƙididdiga. Matsalar da ta hana magabatansa ita ce ido ba ya tsayawa cik, kullum yana ɗan motsi. Sai ya ari dabarar masu auna taurari, ya sa gilasai biyu da ke raba hoton da ke kan ƙarniyya gida biyu. Idan ido ya motsa, hotunan biyu tare suke motsawa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canjawa, ita kuwa ake aunawa.

Awon da shi da almajiransa suka yi ya tabbatar da abubuwa biyu. Na farko, ƙarniyya ta fi lanƙwasa a tsakiya, tana kuma ƙara bajewa yayin da aka nufi gefe, watau ta fi kama da kan ƙwai bisa ga yankin ƙwallo. Na biyu, lanƙwasarta a tsaye da a kwance ba safai suke zuwa ɗaya ba. Wannan ne ya sa a wata lacca ta 1868 Helmholtz ya yi barkwancin cewa da wani maƙerin gilashi zai sayar masa da na'ura mai irin aibobin ido, da ya mayar masa da kayansa. Amma a cikin laccar ya ƙara da cewa idon ya dace da aikin da yake yi ƙwarai da gaske.

Wanda ya tattara wannan ilmi ya mai da shi abin amfanin likitoci shi ne Franciscus Donders na birnin Utrecht a Holan, a babban littafinsa da aka buga a Landan a 1864. Donders ya nuna cewa kusan kowane ido yana da ɗan saɓanin lanƙwasa, cewa galibi daga ƙarniyya yake, kuma cewa a mafi yawan mutane lanƙwasar tsaye ce ta fi ƙarfi. Bai ɗauke shi aibi ba sai ya kai yadda zai rage kaifin gani. Ke nan abin da Young da Airy suka zata keɓantacce ne gare su ya zama halin jama'a, tambayar kuma ta koma: nawa ne ya yi yawa?

Amsa wannan tambaya na bukatar ma'auni guda da kowa ya yarda da shi. A 1872 Ferdinand Monoyer na Faransa ya kawo shawarar diyofta, aka kuma karɓe ta cikin 'yan shekaru. Gilashin da ke tattara hasken rana a nisan mita ɗaya ƙarfinsa diyofta 1 ne, wanda ke tattarawa a rabin mita kuwa diyofta 2. A bisa wannan ma'auni matsakaiciyar ƙarniyya tana da kimanin diyofta 43, ido gaba ɗaya kuma kimanin 60. Sa'an nan a 1881, a birnin Faris, Émile Javal da Hjalmar Schiøtz suka sauƙaƙa na'urar Helmholtz ta yadda likita zai auna ido cikin ɗan lokaci. Daga nan aka sami damar auna mutane dubbai.

6.0 Bambanci ya zama ƙa'ida

A ƙarni na 19 an yi ta sha'awar neman matsakaicin mutum, ra'ayin da Adolphe Quetelet na Beljiyam ya yaɗa tun 1835. Masana ido ma sun tsara nasu matsakaicin ido na lissafi. Wanda ya fi shahara shi ne na Allvar Gullstrand ɗan Suwidin, wanda ya sami lambar Nobel a 1911, ya kuma ba ƙarniyyar idonsa na lissafi ƙarfin diyofta 43.05. Irin wannan ido yana da amfani wajen ƙera gilasai, amma yana da haɗari guda, watau a ɗauka shi ne sahihin ido, duk wanda ya saɓa masa kuma ya kauce hanya.

Adolf Steiger, likitan ido a Zurich ta ƙasar Suwizalan, shi ne ya kawar da wannan ruɗu. Ya auna ƙarniyyar dubban yaran makaranta, ya buga sakamakon a littafinsa na 1913. Ya tarar ƙarfinta ya bazu daga kimanin diyofta 39 zuwa 48. Da ya jera alƙaluman sai suka yi siffar tsibin hatsi a masussuka: mafi yawa sun taru a tsakiya, suna raguwa sannu a hankali ta kowane gefe, daidai da yadda tsawon mutane yake rarrabuwa. A cikin tsibin babu wani wuri da za a nuna a ce nan lafiya ta ƙare, cuta ta fara. Steiger ya yanke cewa bambancin ƙarniyya bambancin halitta ne wanda gado ke da babban hannu a cikinsa.

Sai dai ya yi kuskure a wuri guda. Ya zaci cewa ƙarfin ƙarniyya da tsawon ƙwayar ido kowanne gashin kansa yake ci, haɗuwarsu kuma sa'a ce kawai. Da haka ne, da masu gani garau ba tabarau sun yi ƙaranci ƙwarai. Binciken Sölve Stenström a Uppsala a 1946, wanda ya auna ido 1,000, da na Arnold Sorsby da abokan aikinsa a Landan a 1957, sun nuna cewa sassan suna daidaita da juna. Ido mai tsawo yakan zo da bajajjiyar ƙarniyya, gajere kuma da mai lanƙwasa sosai. Saboda haka mutum biyu na iya samun gani garau alhali ƙarniyyarsu ta bambanta da diyofta da yawa. Lafiyar gani a jituwar sassan take, kamar yadda daɗin miya yake a jituwar kayan haɗinta.

Daɗin daɗawa, an gano cewa ko a mutum guda siffar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Ƙarniyyar jariri ta fi ta baligi ƙanƙanta da lanƙwasa, tana bajewa cikin shekarun farko. A ƙuruciya lanƙwasar tsaye ce kan rinjaya, amma da tsufa rinjayen kan koma ga ta kwance. Har ila yau takan ɗan kumbura da kimanin kashi 4 cikin 100 yayin barcin dare, ta saɓe bayan an farka.

7.0 Taswirar ƙarniyya da iyakar cuta

Na'urorin Helmholtz da Javal wani ɗan fili kawai suke aunawa a tsakiyar ƙarniyya, wanda faɗinsa bai wuce kimanin milimita 3 ba. Domin ganin fuskarta duka, António Plácido na birnin Porto a Fotugal ya ƙirƙiro wani faifai a 1880, mai zobba fari da baƙi a jere kamar adon faifan kaba, da huda a tsakiya. Likita kan leƙa ta hudar ya ga hoton zobban a kan ido. Idan ƙarniyya daidai take zobban kan fito zagayayyu, idan tana da saɓani su yi siffar ƙwai, idan kuma ta gurgunce su karkace. Gullstrand ya fara ɗaukar hoton irin waɗannan zobba yana aunawa a 1896, amma lissafin da hannu yana cin lokaci mai tsawo.

Abin da ya sa aka damu da wannan shi ne wata cuta da John Nottingham na Liverpool ya bayyana sosai a 1854, wadda ake kira keratokonas. A cikinta ƙarniyya kan yi siriri ta yi tsini kamar jinkar ɗaki, gani ya lalace, galibi tun daga shekarun balaga. Marc Amsler na Suwizalan, ta hanyar hotunan zobban Plácido, ya nuna a shekarun 1930 da 1940 cewa cutar tana da ɓoyayyen mataki, wanda mai shi ke iya gani lafiya kuma likita bai ga kome da ido ba.

Da kwamfuta ta samu, Stephen Klyce na Amurka ya tsara yadda za ta yi lissafin zobban a 1984, a 1987 kuma shi da abokan aikinsa suka fito da taswira mai launi, inda wurare masu lanƙwasa sosai kan fito ja, bajajju kuma shuɗi. Nan take tambaya ta taso: yaya taswirar lafiyayyen ido take? A 1990 Bogan da Waring da abokan aikinsu suka duba lafiyayyun idanu 399, suka tarar taswirorin sun kasu gida biyar. Zagayayyu sun kai kashi 22.6 cikin 100, masu siffar ƙwai 20.8. Akwai masu siffar da Bahaushe zai kwatanta da kalangu, watau baki biyu da tsukakken ƙugu: waɗanda bakunansu suka zo daidai kashi 17.5 ne, waɗanda baki ɗaya ya fi ɗaya kuwa 32.1. Ragowar kashi 7.1 ba su da wata tsayayyiyar siffa. Ke nan siffar da ta fi kusa da ƙwallon Ibnul Haisam ba ta kai rubu'i ba, wadda ta fi yawa kuwa ita ce mai karkata. A 1996 Yaron Rabinowitz ya faɗaɗa rabon zuwa gida goma.

Wannan rabe-rabe ya zo a kan gaɓa, domin tun daga 1990 aka fara aikin gyaran gani da ake kira LASIK, inda ake fere ƙarniyya da hasken leza don mutum ya rabu da tabarau. A 1998 Theo Seiler ya ba da rahoton idon da ƙarniyyarsa ta bulluƙo ta yi tsini bayan wannan aiki, saboda tun asali tana ɗauke da ɓoyayyen keratokonas. Matsalar ita ce taswirar farkon wannan cuta tana iya kama da kalangu mai karkata, siffar da lafiyayyu da yawa ke da ita. Idan likita ya tsananta zai hana masu lafiya aiki, ya kuma jefa su cikin fargaba. Idan ya sassauta zai fere idon da bai kamata a taɓa ba. Shi ya sa aka ƙera na'urorin da ke auna fuskar baya ta ƙarniyya da kaurinta a kowane wuri, ake kuma gwada ido da ɗan'uwansa, tun da a mai lafiya taswirar dama da ta hagu kan yi kama da juna kamar tafin hannu biyu.

8.0 Mudun wa aka yi awo da shi?

Akwai wani darasi da kaurin ƙarniyya ya koyar, wanda ya shafi Afirka kai tsaye. Cutar gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, tana cinye jijiyar gani a ɓoye, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ɗaya daga hanyoyin gano ta shi ne auna matsin ruwan cikin ido. Na'urar da ta zama abin dogaro ita ce ta Hans Goldmann na birnin Bern, wadda aka bayyana a 1957. Tana danna tsakiyar ƙarniyya ne ta auna ƙarfin da ake bukata kafin ta baje. Goldmann ya gina lissafinsa a kan zaton cewa kaurin ƙarniyyar masu lafiya kusan rabin milimita ne kuma ba ya bambanta sosai.

A 1975 Niels Ehlers na Denmak ya nuna cewa zaton bai tsaya ba. Idan ƙarniyya mai kauri ce na'urar kan nuna matsi fiye da na gaskiya, idan siririya ce kuma ta nuna ƙasa da shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutane masu hawan matsin ido ya ba da rahoto a 2001 cewa matsakaicin kaurin ƙarniyyar baƙaƙen fata a cikinsu maikiron 556 ne, na farar fata kuwa 579, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A 2002 binciken ya ƙara nuna cewa masu siririyar ƙarniyya sun fi fuskantar haɗarin kamuwa da cutar. Wannan matsakaici ne na jama'a, domin a kowace al'umma akwai masu kauri da masu siranta, kuma dukansu cikin lafiya suke. Amma ma'anarsa ita ce mai siririyar ƙarniyya na iya samun sakamako mai kwantar da hankali alhali cuta na cin idonsa.

Nauyin wannan batu a Nijeriya a bayyane yake. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 a kan masu shekara 40 zuwa sama ya tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, gilakoma ta zo ta biyu da kashi 16.7. Saboda haka likitocin ido ba sa dogara da awon matsi shi kaɗai, sukan haɗa da duba jijiyar gani da faɗin filin gani, da kuma auna kaurin ƙarniyya inda na'urar ta samu.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ra'ayin masana game da lafiyayyiyar ƙarniyya ya bi matakai uku. Da farko an ɗauke ta cikakken yankin ƙwallo, bisa hujjar hankali. Daga baya aka musanya ƙwallon da matsakaicin adadi, bisa hujjar awo. A ƙarshe aka gane cewa lafiya fili ne mai faɗi, wanda iyakarsa ke sauyawa da shekaru da gado da kuma al'ummar da aka auna. Yawancin alƙaluman da aka fara kafa wannan ilmi da su an samo su ne daga idanun mutanen Turai da Amurka, kuma duk ɗan kasuwa ya san mudun wani gari ba lalle ya zo daidai da na wani ba. Aikin da ke gaban likitocin ido na ƙasashen Afirka shi ne ci gaba da auna lafiyayyun idanun jama'arsu, yara da manya, domin a san faɗin filin a nan gida. Aikin da ke gaban masana harshe kuwa shi ne daidaita kalmomin da likita zai yi wa majinyaci bayani da su cikin Hausa, ta yadda wanda aka ce wa ƙarniyyarsa ta saɓa wa ta jama'a zai san ko bambancin halitta ake nufi ko kuwa cutar da ke bukatar ya riƙa komawa asibiti.